Awa Guda Zuwa Sakkwato

Wanda ya ce maka daga Abuja zuwa Sakkwato awa guda ce a jirgi bai yi ƙarya ba, amma kada ka kuskura ka ɗora rayuwarka a kan maganarsa. Salisu ya san haka sarai. Shi da bakinsa ya faɗa wa mahaifinsa wannan magana, kuma wata biyar ke nan tana hana shi sakat.

Mahaifin nasa, Malam Labbo, baduku ne a Sakkwato. Tun yana saurayi yake zaune a zaure guda cikin jar fata, yana ɗinka jaka da kube da tumtum. Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmin da ya ɗinka da hannunsa ya ƙi shiga, numfashi kuma ya fara yi masa gardama in ya kwanta, sai ƙanwarsa Gwaggo Zulai ta kira Salisu a waya tana kuka. Salisu ya nemi izinin ogansa a ma'aikata ya tafi. Kwana biyu yana lallashi, tsohon ya kafe. Ya ce shi ba zai je ya mutu a cikin mota tsakanin Gusau da Funtuwa ba, yana da gida.

A nan ne Salisu ya zaro waya ya matsa kusa da shi. Ya nuna masa wani ɗan siririn layi da aka ja daga wannan ɗigo zuwa wancan.

"Baba, wa ya ce maka mota? Dubi nan. Ta sama ko kilomita ɗari biyar bai cika ba. Awa ɗaya ce. Likita ta duba ka, ka sha magani, ranar da duk ka ce ka gaji in mayar da kai kafin Gwaggo ta gama dama fura."

Tsohon ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ce, da harshensa na Sakkwatawa, "Awa guda kac ce?"

"Awa guda, Baba."

Abin haushi, a ranar jirgin ya yi halin kirki. Ya tashi a kan lokaci, ya sauka a kan lokaci, kamar an roƙe shi. Malam Labbo bai ma gama addu'ar tafiya da ya ɗauko ba ya ji ƙafar jirgi ta daki ƙasa. Ya juyo da ido waje ya ce, "Har mun zo?" Ya yi ta dariya yana girgiza kai har suka fito. Da a ce ya sha wahala a ranar da ya fi, don da ya san abin da ake ciki. Amma ya ga awa guda da idonsa, ba wanda ya isa ya ƙara gaya masa gida na da nisa.

Salisu a Orozo yake zaune, can bayan Kurudu, inda kuɗin haya ya koro ma'aikata irinsa. Kullum da ya sallame Asuba yake tayar da mota, in an ci sa'a ya isa ofis cikin awa biyu, in ba a ci ba ya isa ana shirin fita Azahar yana ba da haƙuri. Shekara bakwai yana wannan sintiri, har ya zama ba ya jin haushin gosulo, gajiya kawai yake ji, irin wadda barci ba ya wankewa. A kan wannan aka ɗora masa asibiti duk Talata, da layin karɓar magani, da rigimar abinci marar gishiri da matarsa Saudatu take dafawa tsohon yana ture kwano. Duk wannan bai dame shi ba kamar abu guda: sallar mahaifinsa.

Tun ranar da Malam Labbo ya sauka a gidan ya fara ƙasaru. Azahar raka'a biyu, La'asar biyu, Lisha biyu, irin ta matafiyi. Makon farko ba wanda ya ce uffan. Da aka yi wata, Salisu ya yi ƙarfin hali ya tanka.

"Baba, ai ƙasaru kwana huɗu ne. Kai kuwa ka yi wata."

"Ga wanda ya yi niyyar zama ba. Ni yaushe na yi niyya? Kullum gobe zan tafi. Ga jakata can bakin ƙofa, ka taɓa ganin na kwance ta?"

Gaskiya ne, bai taɓa kwance ta ba. Jakar fata ce ja, ɗinkinsa, tana jingine a bayan ƙofar ɗakin da aka ba shi. In zai sa riga ya zaro daga ciki, in an wanke ya ninke ya mayar. Saudatu ta share masa durowa guda, ta shimfiɗa jarida a ciki, har yau jaridar ce kaɗai a ciki.

Kuma saboda matafiyin da ya bi mazaunin gari salla dole ya cika huɗu, sai tsohon ya ƙi bin Salisu. Asuba da Magariba, da ba a rage su, yana tsayawa a bayan ɗansa ba musu. Amma da an ce Lisha, ko Azahar da La'asar na ranakun hutu, sai ya ja dardumarsa gefe ya yi biyunsa shi kaɗai. Salisu yana tsaka da raka'a ta uku zai ji sallamar mahaifinsa a kusurwa. Wallahi abin yana ci masa rai. Ji yake kamar kullum ana tuna masa cewa gidansa tasha ce, kuma ya yi alkawari bai cika ba.

Shi kuwa ya san dalilin da ya sa bai cika ba. Ya ce sai likita ta yarda, ya ce oga ya yi tafiya, ya ce a bari a ga gwajin wata mai zuwa. Duk hanya-hanya ce. Tsoro yake ji. A Sakkwato ba kowa sai Gwaggo Zulai, ita ma da sanda take tafiya, kuma ba ya son ranar da waya za ta yi ƙara yana cikin gosulon Nyanya a ce masa an riga an kai. Ya fi son ya ga tsohon a gabansa, ko da yana fushi.

Likitar ce ta raba gardamar. Dakta Clara, wata 'yar Kafanchan mai magana a hankali, ta sallami tsohon ya fita, ta tsayar da Salisu.

"Malam Salisu, abin da magani zai yi ya yi. Zuciyar ta gaji. Kullum ya zo sai ya tambaye ni yaushe zan sake shi. In gida yake so, ku kai shi yanzu da sauran ƙarfinsa."

"A mota fa?"

"Kada ka soma. Wuni guda a kan wannan hanyar, ba za ku kai da shi ba. Jirgi zai iya, zan rubuta muku takarda. Amma ka ji ni da kyau, awa ɗaya na ce zai iya, ban ce wuni ba."

A hanyar komawa gida tsohon ya yi magana, idonsa a kan titi. Ashe ya san me aka tsayar da ɗansa a faɗa masa.

"Salisu, ban son a kai ni maƙabartar garin ga. Ba wanda ya san ni. Ina son waɗanda suka san sunan ubana su ɗauke ni, a aje ni inda aka aje uwarka. Abin da nika roƙo ke nan, ban da wani."

Salisu ya ci gaba da tuƙi. Washegari ya sayi tikiti biyu na ranar Alhamis, jirgin ƙarfe goma na safe.

Ranar Alhamis Malam Labbo ya riga kowa tashi. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya murza hula, har turare ya shafa. Saudatu ta kawo masa koko da ƙwayoyin safe a ɗan faranti. Ya shanye sauran, ya ture ƙaramar fara guda, wadda take sa shi fitsari don ta rage ruwan da ke taruwa a jikinsa.

"Baba, wannan fa ita ce babba," in ji Saudatu.

"Ɗiyata, in na sha wagga, sai in wuni zarya bayi. Kin taɓa ganin bayin jirgi? Ko juyawa ba a yi, balle tsarki. Da alwalata zan hau, da ita zan sauka. Awa guda ta. In mun isa in sha."

Saudatu ta dubi mijinta. "Abban Nazir, ka yi magana mana."

Salisu yana ɗaure da agogo, hankalinsa yana kan hanya, ga hadari ya haɗo. Ya ce a bar shi, kafin sha biyu suna gida. Ya tattara magungunan gaba ɗaya ya cusa a cikin jar jakar, ya zuge. Shi ma fa, da ya san hanyoyin Abuja kamar tafin hannunsa, a wannan safiyar ya yarda da awa gudan nan.

Ruwa ya tsuge tun kafin su kai Kurudu. A Jikwoyi wata tifar yashi ta mutu a tsakiyar hanya, 'yan acaba da masu keke suka cika ko'ina, kowa ya danne hon kamar hon ne zai ɗaga tifa. Suka ja jiki zuwa Karu, suka tsaya. Suka hau tudun Kugbo da kyar, suka ratsa gari, suka miƙe titin Lugbe. Tsohon yana zaune a gaba da carbi, lokaci-lokaci yana leƙa agogon mota.

"Har yanzu Abuja muke?"

"Abuja muke, Baba."

"To da Sakkwato muka nufa ai da mun isa, har mun komo."

Ya faɗa da dariya, Salisu ma ya yi dariyar, don gaskiya ce. Sun fi awa biyu kafin su ga ƙofar filin jirgi. Aka auna jar jakar, aka ɗaura mata takarda, ta bi bel ɗin kaya ta shige. Aka kawo wa tsohon keken marasa lafiya, ya ce shi ba gurgu ba ne, amma da ya ga tsawon zauren sai ya zauna.

Suna shiga wajen jira wayar Salisu ta yi ƙara. Gwaggo Zulai ce.

"Kun taso? Na sa an share zaure, na aika an sayo nono. Duk shiyya an ji Labbo na tahe."

"Yanzu za mu taso, Gwaggo."

Goma ta yi, goma ta wuce. Can sai lasifika ta yi kaki, wata murya mai daɗi ta ba da haƙuri da Turanci: jirgin da zai kai su bai baro Legas ba tukuna, sai sha biyu. Ba wanda ya yi mamaki. Wani mai babbar riga ya yi tsaki ya buɗe kwamfuta, wata mata ta kwance ƙunshin dambun nama. Mutanen Abuja sun saba, jira ai shi ne rabin aikinsu.

Malam Labbo bai damu ba da farko. Daga kan kekensa ƙafafun mutane yake gani, ya kuwa samu abin yi. Duk takalmin da ya gifta sai ya yanke masa hukunci.

"Wancan roba ta, an shafa mata mai. Wancan kuwa fata ta, amma ba a jeme ta da kyau ba, damina guda za ta yi. Kai, dubi na alhajin can! An cuce shi, wallahi an cuce shi."

Salisu yana ta cewa ya rage murya. A ransa kuwa daɗi yake ji, rabon da ya ga tsohon da irin wannan walwala tun a Sakkwato.

Sha biyu ta yi, muryar nan ta dawo da haƙurinta. Sai ƙarfe ɗaya da rabi. Wannan karon mutane suka taso wa teburin ma'aikatan, aka yi ta hayaniya, aka gaji aka koma aka zauna. Gwaggo Zulai ta sake kira, ta ce furar ta fara tsami, ko ta dama wata? Salisu ya ce ta dakata.

Da ya juyo ya lura tsohon ya daina duba takalma. Ya zare nasa ya ajiye a gefe, ƙafafun sun cika sun yi sulɓi kamar an hura su. Sanyin na'urar zauren yana dukansa amma goshinsa da gumi. Yana magana yana tsayawa a tsakiya ya ja iska.

"Baba, bari in kawo maganin nan ka sha."

Sai da ya miƙe ya tuna inda maganin yake. Yana cikin jar jakar da ta riga ta shige. Ya tafi teburin da sauri, ya samu wata ma'aikaciya mai suna Patricia a rubuce a ƙirjinta, ya yi mata bayani. Ta ce kaya sun riga sun wuce ciki, in aka fito da jaka to mai jaka ya fasa tafiya ke nan, haka dokar take. Ya zaga shagunan da ke zauren ɗaya bayan ɗaya. Akwai turare, akwai kilishi, akwai maganin ciwon kai da na mura, amma ba irin wanda yake nema. Ya dawo hannu biyu, ya tsuguna gaban keken.

"Ko mu fasa, Baba? A fito da jakar ka sha magani, mu sake rana."

Tsohon ya kama hannun keken ya riƙe gam. "In ka fasa, ban yafe ba. Awa guda ta rage min. Na yi wata biyar, awa guda za ta gagare ni?"

Aka kira Azahar. Salisu ya tura shi zuwa ɗan wurin sallar da ke gefe. Alwalar da aka yi ta tanadi tun safe tana nan, bai bari ta karye ba. Mutane suka yi sahu, shi kuwa ya sa aka juya masa keken gabas a can baya, ya yi biyunsa a zaune. Da ya sallame ya ɗaga ido ya ce, a hankali, "La'asar a zaurena." Salisu ya ce in sha Allahu.

Biyu ta gota kafin jirgin ya sauka. Ta gilashi suka hango shi yana juyowa, fari, ruwa yana sheƙi a bayansa. Zauren ya ɗauki hayaniya, kowa ya suri jakarsa, aka yi layi ana ture juna kamar kujerun ba su da lamba. Patricia ta ɗaga hannu ta ce a fara kawo masu keke. Salisu ya tura mahaifinsa gaba, ya miƙa tikiti da takardar likita.

Ta karanta takardar, sannan ta dubi tsohon. Ta daɗe tana dubansa. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ana jin wani ƙara-ƙara a ƙirjinsa kamar ruwa na tafasa a tukunyar da aka rufe, leɓɓansa sun yi duhu. Ya yi ƙoƙarin gyara zama ya murmusa mata, hular ta karkace.

Ta ja Salisu gefe kaɗan, amma ba nisan da tsohon ba zai ji ba. Hausarta irin ta Abuja ce, ta koyo a kasuwa da maƙwabta.

"Oga, sori fa. Takarda ya ce Baba zai iya, amma takarda na shekaranjiya ne. Ni yanzu ina ganin mutum. A sama iska ba ya da yawa kamar ƙasa, kuma in abu ya faru ba wurin tsayawa. Ni ba likita ba. Kai ne ɗanshi, kai ka san yadda yake numfashi kullum. In ka ce mini haka yake kullum, zan bari ku shiga. Haka yake?"

"Ce mata lafiyata lau," in ji Malam Labbo. Kalma huɗu ce, amma sai da ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa.

Salisu ya tsaya. Ga jirgi can, ko jifa aka yi za a same shi. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kuma ba wanda zai kama shi da laifi, ga takarda da sa hannun likita. Wataƙila su isa. Wataƙila tsohon ya sha furarsa, ya yi La'asar a zaurensa, ya kwana cikin warin fata. Wataƙila kuma a can sama, tsakanin gajimare, inda ba Abuja ba Sakkwato, ya juyo ya ga kai ya langaɓe a kafaɗarsa, ga bel a ɗaure, ga baƙi suna leƙe. Wata biyar yana jin wannan numfashin ta bango, ya san na kullum, ya san wannan ba shi ba ne.

"Salisu," in ji tsohon. 

Na bayansu suka fara ƙorafi. Mai babbar rigar nan ya ce don Allah a yi a ba mutane hanya, tun safe ake nan. Salisu ya buɗe baki. Ya so ya yi ƙaryar, Allah ya sani ya so. Abin da ya fito shi ne, "Ba haka yake ba."

Patricia ta gyaɗa kai, ta yi magana a 'yar rediyon hannunta a fito da jaka guda. Aka janye keken gefe, layi ya wuce su. Malam Labbo bai yi faɗa ba, bai ko dubi ɗansa ba. Takalman da ke wucewa ta gabansa yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya shige aka rufe ƙofa.

Wata nas ta filin jirgin ta sa masa iska a hanci na ɗan lokaci. Jakar ta fito, Salisu ya zuge ta, ya ɓallo farar ƙwayar. Tsohon ya karɓa ya haɗiye ba gardama. Suna wurin ajiye motoci jirgin ya tashi ta samansu da ƙara, ya yi arewa. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu.

Salisu ya kira Dakta Clara. Ta yi tambayoyi, ta ce tunda numfashin ya fara sauka a kai shi gida ya huta, a ɗaga masa kai da filo, gobe da sassafe a kawo shi. Da ya tambaye ta ko za a iya sake gwadawa wani satin, sai ta ce a bari ta gan shi tukuna. Ya gane abin da take nufi.

Komawar ta fi zuwan tsawo. Ma'aikata sun fara tashi, duk Abuja ta juyo ta nufi Nyanya. Maganin ya fara aiki, sau uku suna tsayawa a gidan mai, Salisu yana riƙe da tsohon zuwa bayi yana jiran sa a ƙofa da buta. Suna kan tudun Kugbo Gwaggo Zulai ta kira.

"An ce jirgin Abuja ya sauka! Yaran shiyya na can suna jira. Kuna ina?"

Salisu ya dubi motocin da suka yi layi a gabansa har iya ganinsa. Wato har sun isa. Mai babbar riga ya isa, mai dambun nama ta isa, su kuwa ko Karu ba su kai ba. Ya ce mata ba su samu tafiya ba, zai kira ta anjima, ya kashe kafin ta fara kuka.

"Baba, ka yi haƙuri. Akwai wani jirgin ranar Lahadi. Wannan karon za mu kwana a kusa da filin, maganin kuma a aljihuna zan sa shi."

"To," in ji tsohon.

"Wallahi zan kai ka."

"To."

Rana ta yi ja sosai lokacin da suka shiga Orozo. Saudatu ta fito da gudu jin ƙarar mota, ta ga su biyu, ta ga jaka, ta mayar da tambayarta ciki. Ita da Salisu suka kama tsohon zuwa ɗakinsa suka zaunar da shi a bakin gado. Farar rigar ta yamutse, turaren ya daɗe da bajewa. Salisu ya jingine jakar a bayan ƙofa, inda take zama.

"Ɗiyata," in ji Malam Labbo, "ɗauke ta nan. Ki zuba kayan cikin durowar can da kika share."

Saudatu ta dubi mijinta. Shi gajiya ta hana shi fahimtar komai, bayansa kamar an daka. Tunaninsa ɗaya, La'asar tana neman kuɓuce musu. Ya kawo ruwa a roba ya taimaka wa tsohon ya yi alwala, ya yi tasa. Ya shimfiɗa dardumarsa a tsakar ɗakin, sannan ya ɗauki ta mahaifinsa zai kai kusurwar da ya saba.

"Kawo ta nan. Bayanka."

Salisu ya tsaya da darduma a hannu.

"Baba, La'asar ce fa."

"Na sani."

"Huɗu zan yi."

"Ni na koya maka salla, Salisu. Shiga gaba, rana na faɗuwa."

Wata biyar yana son jin wannan magana. Ya yi gardama a kanta, ya yi fushi, ya kai ƙara wurin Saudatu. Yau ga ta an ba shi, kuma da zai iya mayar da ita da ya mayar. Ya ce, "Baba, Lahadi fa..." Tsohon ya riga ya ɗaga hannuwa yana jiran kabbara, a zaune a bakin gado, kumburarrun ƙafafunsa a kan darduma.

Salisu ya shiga gaba ya tayar. Bai san me ya karanta ba a raka'ar farko, bai san me ya karanta a ta biyu ba. Ya zauna zaman tahiya, ya gama, ya ƙi tashi. Ya kasa kunne. Nan ne wurin, nan ne kullum yake jin sallamar nan daga kusurwa, wadda take ƙona masa rai. Ya jira ta, ya ƙara jira, yana roƙon Allah a zuciyarsa ya ji ta ko sau ɗaya. Ba abin da yake ji sai numfashin tsohon, da ƙarar durowa da Saudatu take jawowa a hankali.

Ya dafa ƙasa ya ce Allahu Akbar, muryarsa ta karye a tsakiya, ya miƙe zuwa ta uku. A bayansa, can ƙasa-ƙasa, mahaifinsa ya maimaita.